Kafin a Kori Ɗalibi, a Ji ta Bakinsa



A shekarar 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An yi ƙone-ƙone, an lalata dukiya, an ci zarafin mutane. Hukumar jami'ar ta kafa kwamitin bincike, ta ba Mataimakin Shugaban Jami'a shugabancinsa, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta rutsa da su. Da aka gama bincike, aka kori wasu ɗalibai. Suka kai ƙara babbar kotu suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar da lauyoyi ke kira Garba da Jami'ar Maiduguri. Ta soke korar bisa dalilai biyu. Wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙali a kan ɓarnar da aka yi masa. Sannan laifukan da aka jingina wa ɗaliban, irin su sa wuta da kwasar ganima, manyan laifuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin tabbatar da su a kan mutum.

Ku lura, kotu ba ta ce ɗaliban nan ba su aikata komai ba. Cewa ta yi hanyar da aka bi wajen hukunta su gurɓatacciya ce. Idan da masu laifi a cikinsu, to gaggawar hukuma ce ta kuɓutar da su. Shi ya sa nake gaya wa malamai abokan aikina cewa sauraren ɗalibi kafin a yanke masa hukunci jami'ar kanta yake karewa, ba ɗalibin kaɗai ba.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi cikin adalci, kuma cikin lokacin da ya dace. Katin shaidar ɗalibi bai ƙwace masa wannan haƙƙi ba. A zaman ladabtarwa, abin da yake nufi shi ne a rubuta wa ɗalibi takamaiman laifin da ake zarginsa da shi, a ba shi lokacin shiri, a nuna masa hujjar da aka kama, a bar shi ya yi wa mai shaida tambaya, ya kuma kawo nasa shaidun. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma sau da yawa magana guda daga bakin yaro takan sauya fuskar rahoto gaba ɗaya.

Sai dai inda zalunci ya fi aukuwa ba a gaban kwamiti ba ne. Tun a ɗakin jarrabawa yake farawa. Mai sa ido ya tsinci 'yar takarda a ƙarƙashin benci, ya miƙo fom ya ce a cike a sa hannu. Yarinya 'yar aji ɗaya, jikinta na rawa, idon kowa a kanta, sai ta rubuta "a yi haƙuri, ba zan ƙara ba", don haka aka tarbiyyantar da ita ta yi idan babba ya tsawata. Bayan watanni wannan layi guda ya zama ikirarin laifi. Ɗalibai, ku riƙe wannan da kyau: ku rubuta abin da ya faru yadda ya faru, da inda kuke zaune, da wanda ke kusa da ku. Kada ku ƙi cike fom, domin ƙin cikewar laifi ne na daban a dokokin jarrabawa na jami'o'i da yawa. Amma kada ku rubuta abin da ba ku aikata ba don kawai a bar ku ku tafi.

Akwai kuma jan lokaci, wanda ni a ganina hukunci ne da ba a rubuta shi a kowace doka ba. A dakatar da ɗalibi "har sai an gama bincike", zango ya wuce, yajin aiki ya shigo, kwamiti bai zauna ba, tsaransa su tafi bautar ƙasa, shi yana gida mahaifinsa na ta sayar da hatsi don kuɗin motar zuwa bin sawu. Kotun Ƙoli, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, ta amince jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi na wucin gadi don kiyaye zaman lafiyar makaranta. Ikon gaskiya ne, ana kuma bukatarsa idan ana maganar ƙungiyoyin asiri ko makami a ɗakin kwana. Amma wucin gadi yana da iyaka, kuma ya kamata kowace takardar dakatarwa ta ɗauki ranar da za a zauna.

Ɗalibai, nauyin da ke kanku bai da yawa, amma babu mai ɗaukar muku shi. Ranar bikin shiga jami'a kun yi rantsuwar bin dokokinta, an ba ku littafin jagora, wanda yawancinku ba su buɗe ba. Satar amsa kuwa, a ƙarƙashin dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa, laifi ce da kan kai mutum gidan yari. Idan an gayyace ku, ku je. Wanda aka ba dama ya ƙi halarta ba zai dawo ya ce ba a saurare shi ba. Kuma kada ku turo wani babba ya yi muku kamun ƙafa, wannan shi ke sa a hukunta ɗan talaka a saki ɗan gata a kan laifi ɗaya.

Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba ɗalibin da aka kora, ko aka dakatar a matsayin hukunci, damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwar Jami'a cikin wa'adin da aka ƙayyade. Da yawa ba su san da wannan ba sai wa'adin ya wuce. Roƙona ga ofishin Magatakarda shi ne kowace takardar kora ta faɗi dalilin hukuncin, ta faɗi inda za a kai koke da ranar da ƙofa za ta rufe. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ware mutane ta koya musu waɗannan ƙa'idoji, su riƙa raka duk wanda aka gayyata gaban kwamiti.