A Fara Ƙidaya Kafin A Raba Gida: Darasi Daga Tsarin Cocin Katolika Na Kano

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiyarmu



GABATARWA

Kwamitin tsare-tsare ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan shawarar da ke gaban wannan taro, wato a raba reshen Kano gida uku, a kuma buɗe sabon reshe a duk garin da 'yan'uwanmu suke zaune. Mun san maganar ta ɗauki zafi, har wasu sun daina halartar zaman wata saboda ita. Don haka kafin a ɗaga hannu, muka ga ya dace mu leƙa gidan maƙwabta, mu ga yadda su suke raba nasu gidan.

Maƙwabtan da muke nufi su ne mabiya ɗariƙar Katolika. Kada wani ya yi mamaki. Mu Musulmi ne, ba kuma maganar aƙida ta kawo mu ba, maganar tsari ce. Malamanmu sun koya mana cewa hikima ɓatacciyar dukiyar mumini ce, duk inda ya tsince ta ya fi kowa cancantar ɗauka. Da yawa daga cikinmu muna ciniki da su a Sabon Gari, muna aiki ofis ɗaya da su, amma ba mu taɓa tambayar yadda suke tafiyar da al'amuransu ba.

YADDA AKA YANKE KANO DAGA KADUNA

A wurinsu, yankin da Bishop guda yake shugabanta shi ake kira dayosis. Ƙasar Kano ta daɗe a ƙarƙashin Kaduna. A watan Maris na shekarar 1991 aka yanke ta, watanni biyar ke nan kafin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta. Sai dai ga bambanci. Jiharmu a rana guda ta tashi cikakkiya. Su kuwa ba su ba Kano cikakken matsayi nan take ba. Da farko mishan ce mai cin gashin kanta, wani Fada yana riƙon ta. A ƙarshen 1995 aka ɗaga ta zuwa mataki na tsakiya, inda Bishop ke riƙo a madadin Paparoma, kuma a 1996 aka kawo Bishop Patrick Sheehan, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya riƙe Yola tun 1970. Sai a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, mai hedkwata a babban cocin Fatima da ke Kano. A 2008 aka naɗa ɗan ƙasa, Bishop John Namaza Niyiring, ya gaje shi. Shekara takwas aka yi ana gwaji, ana duba ko gidan zai iya tsayuwa da ƙafarsa.

Wannan dayosis ta haɗa jihohin Kano da Jigawa, ƙananan hukumomi 44 can, 27 nan. Ke nan Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin taswirarta. Wanda ya bar Ɓaɓura ya shiga Ɓaure ya faɗa dayosis ta Katsina, wanda ya tsallaka iyaka zuwa Magarya kuwa ya shiga ta Maraɗi, wadda aka yanke daga Yamai a 2001.

Labarin Katsina ma abin lura ne. Tun 1953 aka kafa yankin Sakkwato, kuma ƙasar Katsina tana cikinsa, duk da nisan da ke tsakanin Sakkwato da Funtua ko Malumfashi. Shekara 70 suka yi haƙuri. Sai ranar 16 ga Oktoba, 2023 Paparoma Francis ya yanke Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama Bishop ɗinta na farko. Ba su raba gidan ba sai da gidan ya haifi wanda zai riƙe shi.

DAGA ƘAUYE ZUWA GUNDUMA

A ƙarƙashin dayosis akwai gundumomin coci, kowace da Fadanta, kuma a nan ne darasin ya fi kusa da mu. A karkara, gunduma ba ta farawa da gini. Tana farawa da mutane ƙalilan a ƙauye, suna taruwa a rumfa ko ƙaramin ɗaki, babu Fada a tare da su sai malamin da suke kira katikis. Shi ɗan gari ne, yana noma kamar kowa, yana koyar da yara, yana jagorantar addu'a, yana kai rahoto. Fada kan zagayo lokaci zuwa lokaci daga uwar gunduma. A Malumfashi suna da cibiya ta musamman inda ake horar da irin waɗannan malamai da harshen Hausa.

Idan jama'a ta yi yawa, ba nan take ake ce musu sun zama gunduma ba. Dokar cocin, wadda aka sabunta a 1983, ta tanadi matsayi na riƙon ƙwarya kafin cikakken matsayi. Ta ce Bishop kaɗai ke da ikon kafa gunduma ko rushe ta ko canja iyakarta, amma ta hana shi yin haka sai ya saurari majalisar firistocinsa. Ta wajabta wa kowace gunduma ta ajiye littattafan rajista na baftisma da aure da mutuwa. Ta wajabta mata kwamitin kuɗi wanda mabiya suke ciki, da miƙa lissafi ga Bishop duk shekara. Shi kansa Bishop dole ya zagaye yankinsa kaf aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar, kuma duk shekara biyar ya aika wa Paparoma rahoto. Idan ya cika shekara 75 ya miƙa takardar murabus.

Jama'a, ku lura da abin da ke ƙarƙashin duk waɗannan ƙa'idoji. Kafin a raba, an san mutum nawa ne, an san wanda zai riƙe su, an san inda kuɗin zai fito, an kuma san wanda zai zo ya duba. Ko Fadan da za a tura, dokar ta ce sai ya yi aƙalla shekara shida yana karatun falsafa da tauhidinsu. Wato wanda yake son buɗe gunduma baɗi, tun shekaru da suka wuce ya kamata ya fara tanadin mutum.

BUƊEWA TA FI RUFEWA SAUƘI

Kada a ɗauka komai nasu lafiya lau yake tafiya. A Turai da Amurka matsalarsu ta juya: gine-gine sun yi yawa, firistoci da masu zuwa coci sun ragu. A watan Mayu na 2004, hukumar cocin Boston ta Amurka ta sanar da rufe gundumomi 65 daga cikin 357. Mutane suka ƙi. A garin Scituate mabiya suka tare a cikin cocinsu dare da rana, suna karɓa-karɓa, tun daga 2004 har 2016, bayan shari'a ta ƙare ba su yi nasara ba. A Trier ta ƙasar Jamus an shirya narkar da gundumomi kusan 900 su koma 35, amma ƙorafi ya kai fadar Paparoma, ta dakatar da shirin a 2019.

Abin da wannan ya nuna mana shi ne, wurin da mutum ya ɗaura aure, ya yi jana'izar iyayensa, ba lamba ba ce a takarda. Duk abin da ka buɗe yau, ranar da za ka rufe shi sai ka ɓata da wani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne a cikin wannan zaure zai iya miƙewa ya faɗi adadin 'yan Kanya Babba da ke zaune a Kano? Muna da reshen da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da yanka rago, yau ko littafin sunaye babu, kuɗin da aka tara domin gyaran rijiyar burtsatse kuwa har yanzu ana tambayar hannun da ya shiga. Ba mu kama sunan kowa ba, domin laifin namu ne duka: mun naɗa shugabanni kafin mu kafa ƙa'ida. Kuma wanda ya sha wahalar wannan sakaci ba mu ne na birni ba. Matar da ke bin layin ruwa a gida ce, da yaron da ke ɗaukar darasi a ajin da iska ta yaye wa rufi.

Saboda haka muna ba wannan taro shawara kamar haka:

Na farko, a jingine maganar raba reshen Kano na tsawon shekara guda, a yi amfani da lokacin a rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya, da unguwarsa, da sana'arsa.

Na biyu, duk garin da ke son reshe ya fara da wakili guda, a ƙarƙashin reshe mafi kusa. Idan sun yi shekara biyu suna zama a kai a kai, suna biyan kuɗin wata, sai a ba su riƙon ƙwarya, daga nan cikakken matsayi.

Na uku, kada a amince da reshen da ba shi da kwamitin kuɗi da asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, kuma a buga lissafin kowane reshe a wannan mujalla duk shekara.

Na huɗu, uwar ƙungiya ta riƙa ziyartar kowane reshe, ta kuma sa wakili a kowace unguwa ta gida, wanda yake zaune tare da jama'a, domin aikin da za mu yi ya fito daga bakinsu, ba daga zaurukanmu na birni ba.

Na biyar, kada a rufe ko a haɗe wani reshe sai an zauna da mutanensa an ji ta bakinsu.

KAMMALAWA

'Yan'uwanmu masu son a raba suna da hujja. Kano ta yi faɗi, wanda ke Hotoro ba kullum zai iya zuwa zama a Kurna ba, kuma ba mu ce kada a raba ba har abada. Abin da muka ce shi ne a ƙidaya tukuna, a tanadi mutum, a tsare amana. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya haɗa kanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.