Kuɗin da Asibiti Ba Ya Gani

A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 24 ke fama da sikizofireniya, ciwon ƙwaƙwalwar da kan sa mutum jin muryoyin da babu su. Nawa ciwon yake ci? Wani bincike a Amurka ya ƙiyasta fiye da dala biliyan 155 a ƙasar kaɗai a shekarar 2013, kuma kashi uku cikin huɗu ba kuɗin magani ko gadon asibiti ba ne. Asarar tana gida: matashin da aiki ya kuɓuce masa, da uwar da ta rufe shagonta domin jinyarsa. Saboda haka duk binciken da ya tsaya kan rasit ɗin asibiti ya bar mafi yawan lissafin a baya, musamman a ƙasashen da iyali ke biya daga aljihu, irin Najeriya da Nijar.

Wasu za su ce auna wahalar ɗan Adam da kuɗi cin mutunci ne, yana mai da majinyaci kaya. Damuwar tana da tushe. Amma kasafin kuɗi da alƙaluma ake rubuta shi, kuma abin da ba a ƙirga ba, ba a ware masa komai. Maganin shi ne mai bincike ya fayyace abin da ya ƙirga, da shekarar, da yadda ya kimanta lokacin mai jinya. Masana, ku ƙirga gajiyar iyali, ku faɗi yadda kuka ƙirga ta.