Jawabi Kan Cinikin Tsohon Ƙarfe A Taron Ƙungiyarmu Ta Sabo, Ibadan

 

Mu 'yan gwangwan an ce mu yi bayani kan sayar da tsohon ƙarfe. To, babu gidan da ba a rasa mataccen janareta, ko ruɓaɓɓen kwanon rufi, ko fasasshiyar tukunya. Duk kuɗi ne, domin akwai masana'antu a wajen Ikorodu da Ogijo masu narka shi su yi rodi. Amma kuɗi ne mai ƙa'ida.

Da farko a ware kaya kafin a kira mu. A sami maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi arha. Jan ƙarfe na cikin waya ya fi tsada, sai tagulla, sai alminiyum. In aka haɗa su buhu guda, farashin baƙin ƙarfe za a biya ka.

Na biyu, awo. A auna a gabanka, ka ga allurar sikeli tana kan sifiri tukuna. Mu masu saye, mu ji tsoron Allah, Suratul Muɗaffifin kan masu tauye awo ta sauka. Ku ma masu sayarwa, a bar ɗura yashi cikin bututu don ya yi nauyi. Algus ne.

Na uku, lafiya. Kada a sa wuta a yanka tukunyar gas ko duron mai, suna fashewa. Kada a ƙona waya cikin unguwa. Batirin mota kuwa akwai dalma da ruwan asid a ciki, a kawo shi yadda yake, kada yara su fasa.

Na huɗu shi ne babba: mu san asalin kaya. Layin dogo, murfin kwalbati, wayar lantarki da kayan taransifoma ba na kowa ba ne sai hukuma. A dokar laifuka ta nan Kudu, karɓar kayan sata na iya kai mutum kurkuku shekara 14. A Janairun 2025, saboda satar murafen kwalbati, hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo cikin gari, ta rufe kasuwannin panteka mako biyu. Masu gaskiya ma sun kwana da yunwa. Don haka ba ma saye da dare, ba ma saye hannun yaro sai da babbansa, kuma kowane shago ya ajiye littafin rubuta suna da kaya. Ɗan haya kada ya sayar da ƙofar maigida. Injin mamaci kuma gado ne, sai an raba.

Jama'a, Sabo tana nan tun 1916, amma in yaro ɗaya ya ɗauke murfi, ba za a kira sunansa ba, cewa za a yi Hausawa. Mun ga yadda ƙaramar rigima ta cinye kasuwar Shasha a 2021. Kada kilo biyar na jan ƙarfe ya jawo mana irin wannan.

Allah Ya ba mu halal, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.