Jawabi Kan Tsimin Wuta A Matatun Mai

Da yawa daga cikinku kuna zaune kusa da matatar mai, ko ta Fatakwal wadda ta soma aiki a 1965, ko ta Warri ta 1978, ko ta Dangote da aka ƙaddamar a Ikko a 2023. Abin da zan yi bayani a kansa shi ne yadda ake tattalin zafi a irin waɗannan wurare.

Kafin ɗanyen mai ya shiga hasumiyar tacewa, sai an dafa shi ya kai wajen digiri 350. Kananzir da dizal kuwa da zafinsu suke fitowa, tilas a sanyaya su kafin a zuba a tanki. Saboda haka ake haɗa su a na'urar musayar zafi, watau ɗaya ya bi cikin bututu, ɗaya ya kewaye shi, ba tare da sun gauraya ba. Zafin da ɗanyen mai ya samu a nan, tanderu ya huta ke nan.

Bayan tsadar mai ta 1973, wani injiniya mai suna Bodo Linnhoff ya fito da wata dabara a Jami'ar Leeds ta Ingila. Ya nuna cewa akwai matakin da ratar zafi tsakanin masu zafi da masu sanyi ta fi ƙanƙanta, mu kira shi maƙura. Duk zafin da aka ƙetarar ta maƙurar nan, sau biyu ake biyansa: a tanderu, sa'an nan a ruwan sanyaya.

To, amma bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa yakan yawaita na'urori, kowace kuwa da kuɗin ƙarfenta, da harsashinta, da wankinta idan ta yi datti. In akwai magudanu 6, har da tanderu da ruwan sanyaya, na'urori 5 kan wadatar. Wanda ya kafa 7, lalle akwai zobe a tsarinsa, watau hanyar da in ka bi daga na'ura zuwa na'ura za ta komo da kai inda ka tashi. Sai a cire mafi ƙanƙanta a zoben, a ɗora aikinta kan sauran.

Yin haka yakan ƙara wa tanderu ɗan aiki, kuma a ganina nan ne gwanintar injiniya take. Sai ya auna kuɗin man da za a riƙa ƙonawa kowace shekara da kuɗin na'urar da aka fasa saye, ya kuma tabbata ratar zafin da ta rage a sauran na'urorin ba ta yi kaɗan ba.