Wa zai kare mai kare jama'a?

Jawabin da wani lauya ya yi gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikata

 

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da baki ya buɗe, jam'iyyu suka yawaita, talaka ya ƙara sanin cewa yana da ikon tsayawa gaban alƙali ya nemi hakkinsa. Mai tsaya masa kuwa shi ne lauya. Kun san baƙar rigarmu. Yau ina so ku san mutumin da ke cikinta.

Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. In shara'a ta taso a Damagaram, sai mutum ya ci kusan kilomita 900, ya sauka da ƙura, ya shiga kotu, a ce masa an ɗage zama. Ya komo ya tarar da tarin takardu a biro, waya kuma ba ta yin shiru har bayan isha'i. Ga kuma sirrin aiki: abin da ɗan kaso ya faɗa masa, ko rigimar gadon da ta raba ƴan uba, doka ta hana shi ya faɗa wa ko da matarsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ciki ma yana da iyaka.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, wani bincike da aka buga a 2016 ya tambayi lauyoyi kusan 13,000: kashi 28 cikin ɗari na da alamun ciwon baƙin ciki, kashi 19 na fama da fargaba, ɗaya cikin biyar kuma shan giya ya zame masa matsala. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamu uku na ƙarewar ƙarfi saboda aiki: gajiya marar wucewa, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. A nan kuwa, wanda ya ce ransa ya gaji sai a fara raɗa cewa ya taɓu, masu ƙara su guje shi. Don haka kowa ke yin shiru.

Me ya shafe ku? Lauyan da bai yi barci ba shi ne zai manta ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara. Alhaji, kantinka ne zai tafi. Ma'aikaci, hakkinka ne zai salwanta. Wanda ke tsare kuwa zai ƙara watanni a kaso.

Roƙona uku ne. Ga ƙungiyarmu ta lauyoyi: a buɗe ƙofar da ɗan'uwa zai ga likitan ƙwaƙwalwa cikin sirri, manya kuma su daina ɗora wa ƙanana kayan da ya fi ƙarfinsu. Ga mahukunta: a ƙara alƙalai da magatakarda, domin a rage ɗage zama. Gare ku kuma: ku biya ladan aiki kan lokaci, ku kawo takardu da wuri, ku bar dare ga mai shi.

Icen da ake shan inuwarsa, shi ma yana buƙatar ruwa. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalam.