Shekara Uku a Gona, Minti Biyar a Tukunya: Lacca Kan Asfaragus



Tsiron da zan yi magana a kansa yau baƙo ne a kasuwanninmu. Turawa na ce masa asfaragus, Larabawa kuma halyun. Tohonsa ake ci, wani ɗan tsinke mai kaurin yatsa da ke ɓullowa daga saiwa, kansa a tsuke kamar tsinin mashi. In aka ƙyale shi kwana kaɗan sai ya miƙe ya yi rassa, ya fi ƙarfin haƙori. Yana da ɗan'uwa mai ƙaya a dazukanmu, sheƙar ɓera, wadda masu maganin gargajiya suka san saiwarta.

Rumawa sun daɗe da saninsa. Wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa, wani Barume mai suna Kato ya bayyana yadda ake shuka shi a littafinsa na noma. Sarkinsu Agustas kuwa, in yana son a yi abu maza-maza, da dahuwar asfaragus yake buga misali. A Andalus, ana danganta yaɗuwar cinsa ga Ziryab, mawaƙin Bagadaza da ya sauka Kurɗuba a 822. A Faransa, mai lambun Sarki Luwi na 14 ya riƙa ɗumama ƙasa da ɗanyen taki don sarki ya ci shi da tsakar hunturu.

Launinsa uku ne. Kore shi ne wanda ya sha rana. Fari ba wani iri ba ne daban: manomi ne ke tara masa kunya mai tudu, toho ya girma cikin duhu. Da ya ga ƙasa ta tsage, sai ya tona da yatsa, ya zura doguwar wuƙa ya yanko shi tun rana ba ta taɓa shi ba. Na ukun, mai ruwan shuni-shuni, ya yi suna a Albenga ta Italiya, ya kuma fi sauran zaƙi.

Nomansa sai mai haƙuri. Wanda ya shuka iri bana, sai a shekara ta uku zai yi yankan kirki, amma daga nan gonar kan ciyar da shi shekara 15 ko fiye. Jamusawa, masu son farin, suna fara yanka a watan Afrilu, su ajiye wuƙa ranar 24 ga Yuni ko da kasuwa na nema, domin saiwa ta huta ta tara ƙarfin baɗi. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen yawan noma shi a duniya. Peru na cikin manyan masu fitar da shi waje, sai dai a kwarin Ika, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, ban-ruwan gonakin ya janye ruwan ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyi suka yi nisa.

To, a madafa labari ya sha bamban. A lanƙwasa gindin koren, a karye ɓangaren da ya yi tauri a yar. A jefa shi cikin tafasasshen ruwan gishiri minti uku zuwa biyar, a tsame yana ɗan ƙaras-ƙaras, a sa man shanu da lemon tsami. Farin sai an feraye shi, kuma yakan kai minti 15. Jamusawa na haɗa shi da dankalin Turawa da miyar ƙwai da man shanu. Ana kuma gasa asfaragus a garwashi. Wanda ya ji fitsarinsa ya sake wari bayan ya ci, kada ya tsorata, sinadarin ƙibiritu ne da ke cikin tsiron.

Ga duk wanda ya samu ya saya, roƙona ɗaya ne: kada a bar shi a wuta kamar ana dafa ganda. Abin da manomi ya yi wa jiran shekara uku, sakacin minti goma ya isa ya mayar da shi dagwalo.