Noman Salak a Ɗaki da Hasken Fitila: Amsa ga Masu Sauraro

Yau wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, domin duk a kan magana ɗaya suke.

Ta farko ta fito daga wani manomin rani a ƙasar Kura ta Jihar Kano. Ya ce ɗansa ya nuna masa hoto a waya, ga salak an jera hawa-hawa cikin wani ɗaki marar taga, fitilu ja da shuɗi suna haskawa a kansa. Yana tambaya ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ko ya sayar da bijiminsa ya sayi irin fitilun. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Tasawa ta Jamhuriyar Nijar. Ta ce ba ta da gona, sai 'yar tsakar gida, ga kayan miya suna tsada, ko akwai dabara? Ta uku kuwa wani mai sayar da kayan gwari ne a kasuwar 'Yankaba, yana fargabar kada wannan sabon noma ya kashe musu kasuwa.

To, Malam na Kura, abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin hoto ba ne. Amma bijiminka ka bar shi a turke tukuna, ka saurari bayani.

Shi ganye da haske yake haɗa abincinsa, tare da ruwa da iska. Bai damu ba ko hasken rana ne ko na fitila, muddin ya ishe shi. Jan haske da shuɗi ya fi amfani da su, shi ya sa ka ga ɗakin da wannan launi. Fitilun kuwa irin ƙananan ƙwayayen nan ne da ke cikin tocilan ta zamani, waɗanda ake kira LED. Wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka gano yadda za a yi shuɗiyarta a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Galibin waɗannan ɗakuna ba a sa ƙasa ko kaɗan. Saiwar tana cikin ruwa ne da aka narka wa taki, famfo yana zagayawa da shi, ana kunna fitilu awa 14 zuwa 16 kowace rana.

A ƙasar Japan abin ya fi bunƙasa. A 2014 wani kamfani mai suna Mirai ya mayar da tsohuwar masana'antar Sony a lardin Miyagi ta zama gonar cikin ɗaki, tana fid da salak dubu 10 a rana. A watan Agustan 2015 ma, 'yan sama jannatin Amurka sun ci salak da suka shuka da kansu a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Amma sai mu tambayi kanmu, me ya kai su ga haka? Japan ƙasa ce ta duwatsu, filin noma kaɗan ne, jama'a kuma ga yawa. A arewacin Turai, in sanyi ya shigo, rana kan fito na 'yan awoyi ne ta faɗi, ƙasa kuma ta daskare. Wato abin da suka rasa shi ne rana da fili, shi ne suke saye da kuɗi.

Bari mu yi lissafi, Malam. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ɗaukar salak kamar 25, yana kuma bukatar fitila mai ƙarfin wat 100 ko fiye. In ta yi awa 16 a kunne, ta ci yunit ɗaya da rabi da ɗoriya a rana, wato yunit 48 a wata. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu layin da ya fi samun wuta a Nijeriya. A wannan farashi, yunit 48 ya kama naira 10,800. Raba wa salak 25, kowane ɗaya ya sha wutar naira 430 da ɗoriya. Ba a sa kuɗin fitilar ba, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, alhali kuwa dole ne sai da ita, don salak ba ya son zafi. To ina ga ƙauyen da babu wutar ma, sai janareta?

Su kansu masu abin ba su sha da daɗi ba. A Amurka, kamfanin AeroFarms ya kai kansa kotu a 2023 yana neman kariya daga masu binsa bashi, wani kuma mai suna Bowery ya rufe gaba ɗaya a 2024, duk da miliyoyin dalolin da aka zuba musu. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Mu kuwa Allah Ya hore mana rana kyauta. Da tsakar rana, ƙarfin da take saukewa a kan wannan fili na mita ɗaya yakan kai wat 1,000, ba kuma mai kawo maka takardar biya a ƙarshen wata. Kai da kake shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama tun 1974, ga fili ga hunturu, abin da Bajapane yake kashe dukiya ya ƙirƙira a ɗaki kana da shi a bayan gari. Kada kuma wani ya ce zai gwada da ƙwan ɗaki ko fitila mai caji. Haskensu ya ishi idon mutum, amma bai ishi ganye ba. Tsiron zai yi tsawo siriri, ya koɗe, ya kwanta.

Sai dai akwai darasi guda a cikin wannan noma da ya kamata mu ɗauka, shi ne ganye ba ya bukatar gona. Abin da yake so shi ne mazubin da zai riƙe saiwarsa, da ruwa, da taki, da haske. Nan ne muka zo kan wasiƙar Malama ta Tasawa.

Malama, tsakar gidanki ta isa, in dai akwai kusurwar da rana ke samu awa biyar ko shida, musamman ranar hantsi. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi a Kenya, inda ɗaki ke manne da ɗaki, mata da yawa a buhu suke noman ganyen miyarsu a ƙofar gida. Ga yadda za ki yi.

Da farko mazubi. Tsohon daro, fasasshen bokiti, tukunyar ƙasa da ta tsage, jarkar man gyaɗa da aka yanke, buhun hatsi, duk suna yi. Salak saiwarsa ba ta nisa, zurfin taƙi ɗaya ya ishe shi, wato santimita 15 zuwa 20. Tumatir da attarugu su ne masu son zurfi, kowane tushe a ba shi bokiti mai lita 20. A huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi, don in ruwa ya kwanta saiwa ruɓewa take yi. Amma a kiyaye, kada a kuskura a yi amfani da jarkar maganin feshi, ko ta baƙin mai, ko kwalin tsohon batirin mota. Wanki ba ya fid da gubarsu.

Na biyu ƙasa. Ƙasar tsakar gida zalla takan dunƙule ta yi tauri kamar tubali. A haɗa kwano biyu na ƙasar gona mai kyau, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na rairayi ko ɓuntun shinkafa. Takin ya zama wanda ya daɗe ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, ɗanyen taki kowane iri kuma yana ɗauke da cuta, salak kuwa ba a dafa shi.

In buhu za ki yi amfani da shi a tsaye, samu gwangwani da aka cire wa kai da gindi, ki ajiye shi a tsakiyar buhun, ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ƙasa kewaye da shi. Sai ki ja shi sama ki sake cikawa, har buhun ya cika. Kin ga an samu hanyar tsakuwa daga sama har ƙasa. Nan za ki riƙa zuba ruwa, ya ratsa ko'ina. Sa'an nan ki tsaga ƙananan ramuka a jikin buhun, tsakanin kowanne taƙi ɗaya, ki dasa a ciki, ki kuma dasa a sama. Buhu guda a wurin da bai fi shimfiɗar ɗan kwando ba sai ya ɗauki tushe 20 ko fiye.

Na uku iri. Irin salak ƙanana ne ƙwarai, kuma ba ya son a binne shi. A barbaɗa shi a wani daro dabam, a yayyafa 'yar ƙasa sama-sama, a ajiye a inuwa mai sanyi, a riƙa yayyafa ruwa da hannu. Cikin mako guda zai tsiro. Da ya fito a matsar da shi inda zai ga ranar safe. Bayan mako uku ko huɗu, in ya yi ganye huɗu, sai a dasa da yamma.

Na huɗu lokaci, kuma nan mutane da yawa suke faɗuwa. Salak ɗan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 20. Shi ya sa yake yin kyau a Jos, shi ya sa kuma a wajenmu lokacinsa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In zafin bazara ya kama, irin ma ƙin tsirowa yake yi, wanda ya girma kuma sai ya miƙe ya fid da kara, ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Saboda haka daga Maris sai a juya ga alayyafo, da lalo, da rama, da yakuwa, waɗanda ba sa tsoron rana. Albasa mai lawashi da na'ana'a su ma suna yi a daro. Alayyafo a cikin wata guda kin fara tsinka. Amfanin mazubi ke nan, in rana ta yi zafi sai a ja shi gindin bango, ko a kafa masa 'yar rumfa da zana.

Na biyar ruwa. Mazubi ya fi gona saurin bushewa, musamman in iskar hunturu tana kaɗawa. A ba shi safe da yamma, a gindi. Ki tsoma yatsa a ƙasar, in kin ji danshi ki dakata, in ta bushe ki zuba. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima. Ruwan da aka wanke gero ko shinkafa yana da kyau, haka ruwan alwala in an tara shi a kwano mai tsabta. Ruwan wanki mai omo kuwa kashe ƙasa yake yi a hankali, ruwan kwata kuma ko kusa.

Abokan gaba a gida su ne kaji da awaki. A ɗora darukan a kan benci ko katanga, a kewaye buhunan da ƙaya ko zana. In darɓa ta kama bayan ganye, a daka 'ya'yan dalbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. A bar kwanaki kafin a tsinka, a kuma wanke sosai. Maganin feshin auduga ko na wake bai dace da ganyen da yara za su ci ba.

Wajen girbi kada ki tumɓuke tushen. Ki riƙa cire ganyen waje biyu ko uku, ki bar zuciyar, za ta ci gaba da fitarwa har makonni. In kina sabon rainon iri duk bayan mako biyu, ba za ki yanke ba har sanyi ya wuce. Gaskiyar magana, wannan ba zai cika rumbu ba, kuma ba ya maye gurbin gona. Amma kuɗin ganyen miya na kullum zai tsaya a hannunki, abin da ya yi saura kuma yara su kai maƙwabta a saya. Ki fara da daro biyu da buhu ɗaya, in kin ga hannunki ya faɗa sai ki ƙara.

Saura Alhaji na 'Yankaba. Alhaji, kwantar da hankalinka. Waɗannan ɗakuna, ko a can ƙasashensu, ganye marar nauyi suka fi nomawa, irin su salak. Albasa da kabeji da dankali, balle gero da masara, hasken da suke ci ya fi ƙarfin aljihun mai fitila. Salak da ya sha wutar ɗaruruwan naira ba zai yi gogayya da na fadama ba.

Abin da ke cin ribarka yana kusa da kai, wato yaushi da ruwa marar kyau. A yanko ganye da asuba, a zuba a kwando, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye a inuwa. In an ɗaure shi a leda cikin rana, dahuwa yake yi. Sa'an nan sanannen abu ne cewa wasu lambunan bakin kogin Jakara da ruwan da ya fito daga kwatocin birni ake ba su. Ganyen da za a ci ɗanye in ya sha irin wannan ruwa, yana iya kawo tsutsar ciki, da zazzaɓin taifot, da amai da gudawa. Wanki yana ragewa, amma ba ya kawar da cutar duka. Ka san lambun da kake sarowa, ruwan da kake yayyafa wa kaya a rumfa kuma ya zama mai tsabta. Mai saye in ya gane haka, gobe wajenka zai dawo. Bugu da ƙari, in matan gari suka kama noman buhu, za su nemi iri da dashe. Wa ya fi ka sanin inda ake samun masu kyau? Ga ka da sabon ciniki a gefen rumfa.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Malam na Kura, a gaida bijimi, a ƙara masa harawa, kuɗin fitila kuma in akwai shi a sa a iri mai kyau da gyaran hanyar ruwa. Wanda duk ya gwada noman daro ko na buhu, ya rubuto mana abin da ya gani, ko ya yi kyau ko bai yi ba, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muka shuka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.